Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dattawan Kwamitocin Ƙarin Girma Na Jami'o'inmu: Ba A Auna Shadda Da Mudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu kuma malamanmu, farfesoshin da ke zama a kwamitocin ɗaukar malamai da ƙarin girma a jami'o'in ƙasar nan, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin ta almajiri ga malaminsa, ina neman izinin faɗin wata magana da na daɗe ina taunawa ta ƙi haɗiyuwa. Wasunku sun koyar da ni a aji, wasunku kuma sa hannunsu ne ya kai ni matakin da nake a yau, don haka ba da raini na ɗauki alƙalami ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Fannina shi ne tsarin kwamfuta da sadarwarta. Mu ne masu kula da abin da ido ba ya gani: hanyar da saƙo ke bi daga na'urar POS ta mai shago a kasuwar Sabon Gari har ya isa banki ya dawo, da yadda saba guda, wato babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka da bayanai, ke ɗaukar dubban mutane a lokaci ɗaya, da dalilin da ya sa take durƙushewa ranar da ta durƙushe. Idan aikinmu ya yi kyau ba mai tunawa da mu. Sai ranar da aka ce "babu sabis" ake cigiyar masana.

Kwanakin baya, bayan la'asar, wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a gidana nan Zariya. Yanzu yana koyarwa a wata jami'a a wata jiha. Ba zan kama suna ba, don cutar ba ta gida ɗaya ba ce. Muka zauna a zaure, aka kawo masa ruwa bai ko taɓa ba. Ya zaro fayil daga jakar laftof ɗinsa, ya ajiye kan tabarma, ya turo mini da yatsa biyu. Takardar kwamiti ce, layi uku kacal: makinsa na wallafe-wallafe bai kai ba, ya sake nema idan lokaci ya zagayo.

Na san abin da yaron nan ya yi a shekarun da ake magana a kai, domin ko tsakar dare yakan kira ni idan abu ya cije masa. Ya je ya tarar da sashen da ake koyar da sadarwar kwamfuta a kan allo, malami ya zana akwati ya ce wannan ita ce rawuta, na'urar da ke zaɓar wa saƙo hanya, ɗalibai su kwafa. Shi da ɗalibansa suka shiga silin suna jan kebul, ɓera ya ci, suka sake ja. A daminar farko tsawa ta ƙone musu suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutocin da juna, saboda ginin ba shi da wayar da ke sauke wuta ƙasa. Ya haƙa rami ya binne sandar tagulla da hannunsa. Da lab, wato ɗakin gwajin, ya tsaya da ƙafarsa sai ya juya ga bincike. Ya sayi ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi da kuɗin aljihunsa, ya haɗa wa kowacce batir, ya rarraba su a ɗakunan kwanan ɗalibai da wasu shaguna a cikin gari. Fiye da shekara guda suna auna jinkirin intanet da yawan saƙon da ke ɓacewa a hanya, dare da rana, ranar da akwai wuta da ranar da aka ɗauke, da hunturu da damina. Daga wannan wahala duka maƙala ɗaya tak ya fitar. Wani taron masana na ƙasa da ƙasa ya karɓe ta, bayan masu bita uku sun yi mata filla-filla sun sa shi ya sake lissafin rabinta.

Kwamiti ya duba ya ce ai takardar taro ce, ba ta mujalla ba, aka ba ta ɗan abin da aka saba ba takardun taro. Manhajar da ya rubuta da bayanan da ya tara, waɗanda ya saki kyauta ga duk mai so, ba su da gurbi a fom. Lab ɗin kuwa an jefa shi ƙarƙashin "hidima ga jami'a", layi ɗaya da zama a kwamitin shirya walimar yaye ɗalibai. Abokin ofishinsa da suka kama aiki rana ɗaya ya haye da maƙaloli goma sha wani abu, yawancinsu a irin mujallun nan da za ka tura ranar Litinin, ka biya, kafin Juma'a ta sama an taya ka murna.

Ya ce da ni, "Malam, ni ba ƙara na kawo ba. Wani kamfani ne a waje ya ba ni aiki, daga ɗakina zan riƙa yi, da dala za su biya. Na ce ba zan amsa ba sai na ji ta bakinka." Na daɗe ina kallon saƙar tabarma. Daga ƙarshe na ce ya ba ni lokaci, kuma wasiƙar nan ita ce abin da na yi da lokacin.

Ranku ya daɗe, ban ce kwamitin nan ya yi son kai ba. Na tabbata sun bi ƙa'idar da ke rubuce harafi da harafi. Matsalar a ma'aunin take. Mudu yana auna gero da dawa daidai, amma wanda ya kawo shadda kasuwa aka ce sai an cusa ta a mudu an cuce shi, ko da mai awon waliyyi ne.

Na kuma san inda muka gaji mudun. A jami'o'inmu da dama, ilimin kwamfuta a ɗakin lissafi ya yi rarrafe. A nan Zariya ma, a Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, cibiyar kwamfuta sunan Farfesa Iya Abubakar take ɗauke da shi, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Wannan abin alfahari ne. To a lissafi, da kimiyyar sinadarai, da aikin gona, mujalla ce kotun ƙoli, taro kuwa wurin da ake zuwa a faɗi inda aka kwana a bincike a sha shayi a watse. A wajensu daidai ne a ba takardar taro ƙaramin maki. Yaron dai ya girma ya yi nasa gidan, amma har yau da rigar yayensa ake gwada shi.

A fanninmu abin a juye yake. Manyan tarukanmu, irin su SIGCOMM da NSDI a ɓangaren sadarwa, da SOSP da OSDI a ɓangaren tsarin kwamfuta, cikakkiyar maƙala ake tura musu mai shafi goma sha biyu ko fiye. Masana uku ko fiye su karanta, galibi ba su san sunan marubucin ba, kuma a shekaru da yawa ko ɗaya cikin biyar ba ta tsallakewa. Can ake fara bayyana sabon abu, domin na'ura da manhaja ba sa iya jiran shekara biyu a layin mujalla, kafin a buga sun tsufa.

Bari in ba ku labari ɗaya. A watan Oktoba na 1986, intanet tana jaririya, sai ta shaƙe. Tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, gudun bayanai ya faɗo daga bit (ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta) 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Duk kwamfutar da saƙonta ya ɓace sai ta sake turawa, hanya ta ƙara cushewa, kamar mahaɗar Kwangila ta nan Zariya da yamma idan kowane direba ya rantse shi zai fara wucewa. Wani masanin sadarwar kwamfuta mai suna Van Jacobson ya zauna ya bi diddigin abin, ya fito da dabarar da ke sa kowace kwamfuta ta fara a hankali, ta riƙa ƙara gudu, da zarar ta ga alamar cunkoso ta rage da rabi. Jikokin wannan dabara suna cikin wayar da ke aljihun kowannenku yanzu haka. A ina ya bayyana ta? A taron SIGCOMM na 1988. Haka Unix, kakan tsarin da ke tafiyar da mafi yawan sabobin duniya a yau, a taron SOSP na 1973 Dennis Ritchie da Ken Thompson suka gabatar da shi. Da a gabanku Jacobson ya kawo fayil da wannan takarda, da shi ma an ce masa ya sake nema idan lokaci ya zagayo.

Kuma ba mu muka fara wannan rigima ba. A Amurka ma an yi ta. A 1994 majalisar bincike ta ƙasarsu ta fitar da rahoto sukutum a kan makomar malaman kwamfuta masu gini da gwaji, ganin yadda kwamitoci ke danne su. A 1999 ƙungiyar binciken kwamfuta ta CRA ta fitar da takardar shawara ga kwamitoci irin naku, wadda David Patterson da Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman suka rubuta. Gundarin maganarsu shi ne a wannan fanni a ba takardar babban taro darajarta, a kuma lissafa abin da mutum ya gina, a tambayi wa ya amfana da shi. Sama da shekara 25 ke nan da suka rufe wannan babi.

Matasanmu ba wawaye ba ne. Sun karanta fom ɗinku sun gane abin da yake so, shi suke kawo muku. A ɗauko wata dabarar lissafi mai sunan tururuwa, a aura mata wata mai sunan kyarkeci, a gudanar da su a manhajar lissafi ta MATLAB a kan wata hanyar sadarwa da babu ita a doron ƙasa, a ce an samu ingancin kashi kaza cikin ɗari. A sauya dabba, an samu maƙala ta biyu. A sauya sunan mujalla, ga ta uku. Kwaikwayo a kwamfuta ba laifi ba ne, ni ma ina koyar da manhajojin kwaikwayo irin su ns-3 da Mininet, amma kwaikwayon da bai taɓa gaisawa da waya ta gaskiya ba tatsuniya ce da lambobi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: ni kaina na sa hannu a kundaye irin waɗannan, kuma sunana yana kan maƙaloli biyu da ba na fatan ɗalibaina su tono. Lokacin ina neman zama babban lakcara ne, maki uku suka rage mini, na bi inda kowa ke bi. Bango ne ya tsage, mujallun kuɗi suka samu wurin shiga, kuma ma'aunin ƙirga kai ne ya tsaga shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayoyin da muke tsallakewa a ƙofar gidanmu. Akwai ɗan gwajin da nake yi wa 'yan aji uku duk shekara. Nakan sa su buɗe traceroute, manhajar da ke nuna kowane zango da saƙo ya yada a hanya, su bi sawun saƙo daga Zariya zuwa shafin wata makaranta ko ma'aikata da ke Kano, tafiyar da mota ke yi cikin awa biyu. Sai su ga saƙon ya gangara Legas, sau da yawa ma ya tsallaka teku zuwa Landan ko wani birnin Turai, domin can aka ajiye shafin. Sai mu yi lissafi a allo. Haske a cikin faiba, zaren gilashin da saƙo ke bi a cikin kebul, yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Kebul ɗin ƙarƙashin teku na MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan, wato kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa, tun ba a ce komai ba, kuma babu kuɗin da zai sayi ragi a nan, iyakar da Allah ya yi wa haske ce. Aji yakan yi tsit. Wata shekara wata ɗaliba ta ɗaga hannu daga baya ta ce, "Malam, wato kamar in aiki yaro Tudun Wada sai ya biya ta Jidda?" Har yau ban samu bayanin da ya fi nata ba.

Don maganin irin wannan aka kafa IXPN a Legas a 2006, mahaɗar da kamfanonin intanet na gida ke musayar saƙo ba sai an fita waje ba. Auna yawan zirga-zirgar Arewa da ke tsayawa a gida, da gano abin da ke korar sauran, bincike ne na gaske, kuma ba wanda zai taso daga Jami'ar Stanford ta Amurka ya yi mana shi. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka katse daura da gaɓar Kodebuwa, bankuna da ofisoshi suka shiga halin ni-'yasu. A 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, mutum ya yi doguwar tafiya don kira ɗaya. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, kuɗi ya fita bai shiga ba, mai shayi da mai saye suna kallon waya ɗaya suna jiran alat. Kowanne daga cikin waɗannan kundin digiri na uku ne ga mai son aiki. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar saba, ga zafin Afrilu, ga wutar da ke dawowa da ƙarfin da ya fi rashinta ɓarna. Yadda ake gina tsarin da zai rayu a cikin wannan duka ilimi ne da masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa ba su da shi. Mu ke zaune a kansa.

Sai dai irin wannan aiki shekara biyu ko uku yake ci, ya haifi maƙala ɗaya ko biyu. Ku kuma duk bayan shekara uku kuke buɗe fayil ku ƙirga. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN don haɗa jami'o'in tarayya 27 a kan hanyar sadarwa ta bincike da ilimi. Irin wannan hanya a wasu ƙasashe ita ce gonar gwajin malamai. A nan kuwa malamin da ya ba da shekara guda yana auna ta yana gyara ta, a idon fom hutu ya yi.

Sai batun koyarwa. A watan Disamba na 2022 hukumar NUC ta fitar da sabon tsarin karatun jami'o'i, CCMAS, wanda ya ware kwamfuta a matsayin fanni mai cin gashin kansa, da digirori irin su tsaron intanet da injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai. Madalla. Amma duk waɗannan rassa ne, gindinsu tsarin kwamfuta da sadarwa. Wanda bai san yadda saƙo ke tafiya ba, ta yaya zai tsare shi? Kuma wannan gindi ba a koyar da shi da baki. Ku zo ku ga fuskar ɗalibi ranar da ya fara haɗa kan kebul da hannunsa. Ya feɗe bawon, ya warware wayoyi takwas, ya jera su bisa launi, fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, har zuwa ruwan ƙasa, ya daidaita bakinsu, ya matse. Sau biyu fitila ta ƙi kamawa, ya yanke ya sake. A na uku ya soka a suwic, ɗan koren haske ya fara ƙiftawa, ya juyo yana neman wanda zai nuna wa. Daga ranar ya daina tsoron na'ura. Kafin a kai ga wannan minti ɗaya, malami ya kwana biyu yana shirya kaya, ya roƙi man janareto, ya raba aji mai mutum ɗari biyu gida goma. Wanda ya yi haka da wanda ya karanta musu tsohon handawut ya fita, makinsu na koyarwa ɗaya ne.

Abin mamaki, mu Zazzagawa ba baƙin wannan magana ba ne. A zaurukan Kona da Juma, idan ana maganar girman malami, kafin a tambayi abin da ya rubuta sai an tambayi su wa suka yi karatu a gabansa, kuma ina suka kai.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: tarukan bogi ma sun cika duniya, wasu har da tambarin manyan ƙungiyoyi a goshinsu. Idan aka buɗe ƙofa ga takardar taro, masu mujallun kuɗi za su sauya riga su shigo. To ai ba buɗe ƙofa nake roƙo ba, mai gadi nake roƙo wanda ya san fuskokin 'yan gida. Kowace tsangayar kwamfuta za ta iya zama ta fitar da jerin tarukan da ta yarda da su, ta riƙa sabunta shi, kuma ba daga sama za ta fara ba, akwai jerin CORE na Ostareliya da jami'o'i da dama ke dubawa. Abin da ke cikin jerin a ba shi makin babbar mujalla, abin da ba ya ciki a bar shi inda yake. Idan za a tura fayil ga mai tantancewa na waje, a tura wa ɗan fannin, ba duk wanda digirinsa ke da kalmar kwamfuta ba.

Wanda ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne a daina ƙirga kai a koma karatu. A ce wa mai neman ƙarin girma ya zaɓi ayyukansa uku ko biyar da ya fi alfahari da su, a karanta su da gaske. Idan ya ce ya gina tsari, a buɗe gurbi a fom, a kira shi ya kunna a gaban mutane, a tambaye shi wa ke amfani da shi, a ga ko wani zai iya ɗaukar manhajarsa ya maimaita sakamakon. Manyan tarukanmu ma yanzu suna da kwamitin da ke yin haka. Mai maƙala ashirin na tururuwa da kyarkeci ba zai so wannan zama ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna muku amfaninsa.

Ban kawo maganar albashi ba da gangan. Wannan faɗa ne tsakanin ASUU da gwamnati, kuma duk mun ɗanɗana wata takwas na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Abin da nake roƙo ba ya jiran kasafin kuɗi, ba ya jiran Abuja. Shafi biyu ne a kundin ƙa'idojin ƙarin girma, kuma ku ne majalisar da ke da ikon gyara su. Dala za ta ci gaba da jan wasu, wannan ba makawa. Amma yaron da ya zauna a zaurena ba yunwa kaɗai ke korarsa ba. Ya jure albashin shekara da shekaru bai ce uffan ba. Layi ukun nan ne suka gaya masa cewa ramin da ya haƙa da kebul ɗin da ya ja ba aikin malami ba ne.

Kamfanin ya ba shi zuwa ƙarshen wata. Jiya ya kira ni, na ce ya ƙara haƙuri, ya ce to Malam, amma na ji a muryarsa ladabi ne kawai. Ya kuma tambaye ni wa zai danƙa wa makullin lab idan ta kama ya tafi, domin batiran na'urorin da ke cikin gari suna son canji kafin damina ta sauka. Duk wanda ke da hali a cikinku, ni zan tuƙa shi mu je ya gani da idonsa. A dai zo da hular da ba a jin ta, don sai an leƙa silin.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Naku almajiri,
Wani malamin sadarwar kwamfuta,
Zariya.